Tsakanin "Ya Zube" da "An Zubar"

Litinin, 3 ga Maris

Ni aka zaɓa. Ni fa!

Malamar Hausa ta raba mana takardun insha'i, ta riƙe tawa a hannu ta ce, "Wadda ta rubuta wannan ita ce mai magana ta biyu a muhawarar makarantu." Sai ƙawata, wadda muke kira Rediyo saboda surutu, ta ce, "Malama, ai wannan ko sunanta za ta faɗa sai an kashe fanka." Aka fashe da dariya. Nima na yi, a cikin hijabi. Amma duk hanyar gida ji nake kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Batun ne dai. "Ya kamata doka ta halatta zubar da ciki, ko kuwa?" An yi ƙuri'a, makarantarmu ta ɗauko "a halatta". Innalillahi. Ni da ban taɓa furta kalmar da bakina ba. A littattafan soyayyar da nake karantawa muguwar yarinya ce kaɗai ke yin haka, kuma ba ta kaiwa babin ƙarshe.

Laraba, 5 ga Maris

Na gaya wa Abba. Na same shi a shago ya duƙufa a kan wata rediyo, ƙarfen lika waya na hayaƙi. Bai ɗago ba ya ce, "Ke ce za ki tsaya ki ce a halatta?" Na ce ƙuri'a ce. Sai ya ce, "To Auta, ƙuri'a gefe ta zaɓa miki, ba ta ce ki yi ƙarya ba. Kada ki faɗi abin da ba za ki iya maimaita shi a gabana ba."

Umma cewa ta yi wannan ba zancen yara mata ba ne. Amma na ji ta tana gaya wa maƙwabciyarmu ta katanga, murya har rawa take.

Yaya ta kira daga gidan mijinta tana ta dariya: "Autarmu a kan dandamali! Ko da rarrafe sai na zo." Cikinta wata huɗu, ga jarrabawar ƙarshe ta kwalejin malamai a gabanta, amma ita kullum cikin wasa.

Wani abu kuma, a nan kaɗai zan rubuta. Mai magana na farko a makarantar da za mu kara da ita, yaron da nake kira Mai Tabarau ne. Shi ɗin dai, na tashar mota. Wata takwas ina kallon ƙeyarsa. A raina har mun haɗu sau uku a cikin ruwan sama.

Alhamis, 6 ga Maris

Malama ta ce matsalata ɗaya: in na zo kan kalmar sai in haɗiye ta. Ta ce in tsaya gaban madubi in faɗe ta sau hamsin kullum, har harshena ya daina jin kunyarta. Zubar da ciki, zubar da ciki, zubar da ciki. Yau na yi saba'in. Jawabina ya kai shafi huɗu, akwai wurin da na ce "hawaye na kwaranya bisa kundukukinta tamkar lu'ulu'u". Ni kaina ya burge ni.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya tana asibiti. Da safe jini ya ɓalle mata, mijinta ba ya gari, mu muka kai ta. Cikin ya tafi.

Umma ta shiga da ita, ta bar min waya a kan benci. Warin maganin goge ƙasa, wata mata na ta safa da marwa da fulas. Hajiya, surukar Yaya, ta kira. Na gaya mata abin da ya faru, na ce yanzu ana yi mata wankin ciki. Ta ce, "An me?" Na maimaita, a fili, ban ko yi in'ina ba. Ta kashe. Na ce a raina, baiwar Allah, jikanta na fari.

Lahadi, 9 ga Maris

An sallamo Yaya, tana ɗakinmu, fuskarta a bango. Hajiya ba ta zo ba.

Talata, 11 ga Maris



Mijin Yaya ya dawo. Ya zauna a falo yana ta murza makullin babur, ya ce wa Umma, wai Hajiya ta ce ba ɓari ba ne, da gangan aka cire don kada ciki ya hana Yaya jarrabawa. Wai ba a titi ta ji ba, daga bakin 'yan gidanmu ta ji. Ta rantse ba za ta taka gidan nan ba, kuma kada Yaya ta koma sai an zauna.

Umma ta ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya faɗa?"

Ina zuba shayi a lokacin. Sai na ji muryata a kan bencin nan, tar, kamar a gaban madubi: "An zubar da cikin."

Ya zube zan ce. Cikin ya zube. Harshena ne ya bi hanyar da na koya masa sau saba'in a rana.

Yaya ta ji komai ta labule. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ni da na saƙa wa jaririn safa har ƙafa biyu."

Na kwashe kofuna. Allah ya sani, na so in ce ni ce, na kasa.

Laraba, 12 ga Maris

Na raka Yaya asibiti a sake duba ta. Nas ɗin da ta karɓe mu ran Asabar, wata doguwa mai furfura a gaban goshi, ta gan ni da takardu ta tambaya. Da ta ji batun ta yi dariya, ta ce, "Yara na muhawara a kan aikina, ni ba a gayyace ni ba."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Sista, ya kuke gane wadda nata ya zube da wadda ta zubar?"

Ta ce, "Ƙofa ɗaya suke shigowa, gado ɗaya, jini iri ɗaya. Sau da yawa ba a ganewa, 'yata. Ni dai jinin nake fara tsayarwa. Abin da ke cin raina, akwai mai zama a gida kwana biyu tana zuba don tsoron abin da za a ce ta yi. In ta iso, wani lokaci an makara." Ta ce akwai kuma ranar da likita zai tsaya tsakanin uwa da abin da ke cikinta, in ya yi jinkiri ya rasa duka biyun.

Na dawo na yage shafin lu'ulu'u. Da na biyun, da na ukun, da rabin na huɗun. Saura rabin shafi, kuma duk abin da ke ciki zan iya faɗa a gaban Abba.

Juma'a, 14 ga Maris

An yi. Ban suma ba. Bari in fara rubuta wannan: ban suma ba.

Zauren taro cike, an ce mutum ɗari uku. Alƙalai uku a tebur da ƙararrawa. Mai Tabarau ya tashi, kuma gaskiya ya iya. Ya ce rai rai ne ko bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce kowa a zauren nan yana da bakin kare kansa, ban da wanda ake maganarsa, to wa zai tsaya masa in ba doka ba? Na tuna safar Yaya. Ban ƙi maganarsa ba, har yanzu ban ƙi ta ba. Amma da ya ga ana tafi sai ya zarce, ya ce duk macen da aka samu a gadon asibiti ta zubar da ciki a miƙa ta ga 'yan sanda.

Aka kira ni, na hau dandamali. Makirufo ya yi ƙara, wasu samari suka ce, "Ba ma ji!" Rediyo daga baya ta ce, "Ku wanke kunnenku mana!"

Na ajiye takardar. Na ce ban zo in ce a buɗe ƙofa kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Na ce ina da tambaya ɗaya ga abokin muhawarata. "Cikin ya zube." "An zubar da cikin." Na faɗe su a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na ce, na san wata yarinya da ta musanya waɗannan biyun a waya, a kan 'yar'uwarta uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau gida biyu ba sa gaisawa. In ƙanwa za ta yi wannan kuskuren, in nas mai furfura ta ce ita ma ba kullum take ganewa ba, ɗan sandan da za ka aika da me zai gane? Na ce a bar wa likita hannunsa ranar da ran uwa ke kan siraɗi, kuma kada mace mai zubar jini ta tsaya a ƙofar asibiti tana tunanin wa zai tuhume ta.

Na zauna. Na ɗauka na ɓata. Sai tafi.

Su suka ci, da maki uku. Malama ta ce na kauce wa gefen da aka ba mu, amma ta rungume ni har tabaranta ya karkace. Abba ashe ya rufe shago ya zo, yana can bakin ƙofa. A hanya bai ce na yi ƙoƙari ba. Cewa ya yi, "Yarinyar nan ta waya, ta gyara kuskurenta kuwa?"

Na ƙara sauri. Bai sake tambaya ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na fara da Umma da Yaya, na faɗa musu ni ce. Umma ta dafe kai ta ce, "Ke? Ke da gaisuwa ma sai an matso ki?" Yaya ta dube ni kawai. Wannan kallon ya fi mari.

Na tafi shagon Hajiya ni kaɗai. Tukwane da kwanuka jere har rufi, tana ciniki da wata mata a kan kula. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa tukunya. Na jira matar ta tafi.

Na ce, "Hajiya, ni ce na ɗauki waya ran Asabar ɗin da ta wuce."

"Na san muryar."

"Kuskure na yi. Cikin zubewa ya yi, ba wanda ya taɓa shi. Kalmar muhawarar makaranta ce ta maƙale min a baki."

"Uwarki ta aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"Har sau biyu kika faɗa min."

Na ce e, sau biyu na yi kuskuren. Na ce ga katin asibiti, in tana so mu je wurin nas ɗin yanzu, zan jira. Sannan na fito da safar daga jaka, na ɗora a kan murfin tukunya. Satowa na yi daga ƙarƙashin filon Yaya. Shuɗiya, ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma.

Ba ta ko kalli katin ba. Safar ta ɗauka, ta zura yatsu biyu a ciki. Sai ta ce, "Shekara biyu ina cewa yarinyar nan kurma ce, ashe da wannan za ki buɗe min baki." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Tashi ki riƙe min ƙofar in ja, ƙugu na ciwo."

Tare muka shigo gida. Ina gaba.

Litinin, 17 ga Maris

Yaya za ta koma ran Alhamis. Har yanzu ba ta yi min dariya ba, amma jiya ta ja kunnena ta ce in riƙa yi mata tambayoyin jarrabawa, tunda na zama lauya.

Mai Tabarau ya yi min magana a tasha. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari." Wata takwas ina tsara wannan ranar. Ashe ƙafar tabaran da zare aka ɗaure, kuma ba ruwan sama. Na ce masa har yanzu bai amsa tambayata ba. Ya buɗe baki, motata ta zo.

Littafin soyayyar da nake karantawa yana shafi na casa'in tun ran takwas ga wata. Zan koma masa, ba wai ba.

Malama ta tambayi wa zai yi muhawarar zango mai zuwa. Rediyo ta rantse hannuna ne ya fara tashi. Ina jin miƙa nake yi.