Dutsen Tokare Ƙofa

Zongo, Lome
9 ga Maris, 1975

Zuwa ga maigidana Aboubakar,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya aiki a Bafilo? Ni kakarka lafiya lau, sai gwiwa da ta ƙi sulhu.

Wata uku ke nan ka gudu ka bar ni. Maza na barin tsohuwar mace saboda budurwa, kai saboda dutse! Wasiƙarka ta ce baƙin dutsen nan mai nauyi da ka ɗauke a bakin ƙofata an gwada shi a ofishinku, wai akwai tungusten a ciki. Wai wuta ba ta cin ƙarfen nan, da shi ake zaren ƙwan lantarki da bakin harsashi, kuma ƙasar da ba ta da nata baiwa ce ga mai sayarwa. To madalla, ku tono wa Togo nata.

Har yau tuwon mutum biyu nake tuƙawa. Hannu ya saba. Kajin maƙwabciyata Kadidja sun yi ƙiba.

Matarka ta fari,
Asibi

Zongo, Lome
2 ga Yuni, 1975

Aboubakar, jikana,

Ina gaishe ka. Allah ya sa zazzaɓin ya sake ka.

Ka ce rami goma sha ɗaya kun haƙa babu komai, kuma manyanku sun riga sun kai albishir sama, yanzu suna tambayar wanda ya nuna wurin. Tun da na karanta, ko goro ban iya ci ba.

Zauna ka ji. Ban tsinci dutsen nan a bayan Bafilo ba. Ban taɓa sauka daga mota a Bafilo ba ma. Kakanka Mato ne ya zo da shi daga ramukan kuza na Jos, lokacin yaƙin Turawa, shi da tarin da ya kashe shi. Ranar da ka tambaye ni inda na samo shi, ruwa ake yi, ka zauna kusa da ni, na ga idan na ce Jos hira ta ƙare. Sai na ce Bafilo, na ƙara tudu, na ƙara rafi, har da kura. Ni da na ce maka na taɓa kokawa da kada a tafkin Bè! Ina na san ɗan lakwal, mai karatun boko, zai rubuta maganata ya kai wa gwamnati?

Kada ka ɗauki laifin nan, ka san zamanin da muke ciki. Nuna musu takardar nan, ga sunana, ga unguwata. In ɗauri ne su zo su ɗauke ni, can aƙalla akwai abokan hira.

Kai dai ka dawo, ko da fushi ne. Ka roƙe su dutsena kuma. Tun da ka ɗauke shi ƙofar rufe kanta take yi, masu wucewa suna zaton ba kowa a ciki, ba mai yin sallama.

Kakarka maƙaryaciya,
Asibi