Benen da Na Zana wa Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan lafiya lau. Baba ma ƙalau yake, sai rigimar tsufa da kika sani.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Maganar ce ba ta faɗuwa a waya, ga kunnen Baba kullum a kusa.

Yaya, za a rushe unguwarmu. Hukumar tsara birni ta gama magana da wani kamfani: za a ɗauke gidajen nan arba'in da shida, a kafa benaye biyu masu hawa goma sha biyu. Duk mai gida za a ba shi wurin zama a ciki, sauran na baƙi ne. Kuma ofishinmu aka ba aikin zanen. Shugabanmu ya ajiye mani fayil ɗin a kan tebur, ya ce ai ni 'yar unguwa ce, babu wanda ya fi ni sanin wurin.

Kada ki yi saurin fushi. Shekara shida rabonki da gida, ba ki ga yadda garin ya cika ba. Gidan Mai Wanki da kika sani da iyali ɗaya, yanzu iyali biyar ne a ciki, banɗaki ɗaya. Lungunmu in an yi ruwa sai an jera duwatsu kafin a fita. Kullum motoci na sauke sababbin mutane, kuma babu sauran fili sai sama.

Na yi wata uku a kan zanen. A kowane hawa na bar baranda mai faɗi, yadda za a ajiye benci a zauna, mai wucewa ya wuce. A ƙasa na jera shaguna goma sha huɗu don masu sana'a, na sa shagon kafinta na Baba jikin na maƙwabcinsa Tela kamar yadda suke yanzu. Tsakanin benayen biyu na bar fili da itatuwa, don iska da yara.

Ranar da aka tara mutane a nuna masu, ba su ko kalli takardar ba. Kowa na cewa ba ya barin gidan ubansa. Ana cikin haka Baba ya miƙe, ya ce shi bai iya karanta zane ba, amma ya san wadda ta yi shi, kuma bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Tela ya ce shi sharaɗinsa ɗaya ne, a raba shi da wannan kafinta, shekara arba'in ƙurar katakonsa tana ɓata masa yadi. Baba ya ce shi ma keken ɗinkin Tela ne ya kashe masa kunnen hagu. Aka yi ta dariya. Su biyun suka fara sa hannu, sauran suka bi.

Ya kamata in yi murna, amma na kasa. Ba zanen suka sa wa hannu ba, fuskar Baba suka duba.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mani kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, da fatan mai jegon gidanku ta warware, jaririn kuma yana samun nono. Allah ya raya mana shi.

Kin yi ƙorafi cewa shekara biyu ke nan in kin tambaye ni aikin gini sai in ce lafiya lau, in sauya magana. Kina da gaskiya. Yau zan faɗa maki.

An tare wata huɗu da suka wuce. Amma abin da aka gina ba shi ne na nuna wa mutane ba. Tun kafin a zuba harsashi kamfanin ya dawo da zanen, wai ɗakunan sun yi kaɗan. Aka fara da barandar, aka matse ta har ta koma siririn lungu, in mutum biyu sun haɗu sai ɗaya ya jingina da bango. Shagunan ƙasa aka mayar da su wurin ajiye motoci da wani babban kanti. Filin tsakiya aka dasa bene na uku a kansa. Matakala da lif ma sai da aka rage su.

Na yi gardama, Yaya, har muryata ta dushe. Shugabanmu bai yi faɗa ba. Jerin sunayen masu neman wurin zama ya buɗe mani, shafi bayan shafi, ya ce duk taku ɗaya na barandar da nake kuka a kai ɗakin kwanan wasu yara ne. Na gyara zanen da hannuna, na sa hannu. Ban koma na faɗa wa mutanen unguwa ba. Lokacin gidajensu sun riga sun zama ƙasa, suna warwatse a gidajen haya suna jira, na ce da kaina faɗar ba ta da amfani. Yanzu na san tsoro ne kawai.

Da ƙuri'a aka raba ɗakunan. Baba ya faɗa hawa na tara a bene na farko, Tela hawa na bakwai a bene na uku. Tela ya ce Allah ya amsa addu'arsa, an raba shi da kafinta, amma babu wanda ya yi dariya sosai.

Kayan aikin Baba suna cikin akwatuna a bayan ƙofa. Sati na farko ya fito da guduma zai gyara ƙafar kujera, bai yi bugu biyar ba na ƙasa ya hawo, wani matashi da ba mu sani ba, ya nuna masa takardar dokokin gida. Baba ya ba shi haƙuri, ya mayar da gudumar. Yanzu yini yake a bakin taga, tagar kuwa bangon bene na uku take kallo. Rana na shigowa kamar na rabin awa kafin azahar, shi ke nan.

Da farko kullum yana zuwa wurin Tela. Amma in an ɗauke wuta lif ya tsaya, kin kuma san gwiwoyinsa. Sau ɗaya ya sauka, wuta ta tafi, ya yi awa uku zaune a kan matakala yana jira. Tun daga nan sai sati-sati suke haɗuwa.

Ba zan ce duk abin sharri ne ba. Ranar tarewa na ga matar Mai Wanki ta buɗe famfo a kicin ɗinta, ta rufe, ta sake buɗewa, tana share hawaye da bakin mayafi. 'Ya'yanta mata sun samu ɗakinsu da ƙofa. In na tuna wannan sai in ɗan samu sauƙi, in na hau wurin Baba kuma sauƙin ya gudu.

Bai taɓa ce mani komai ba. Kullum in na tashi daga aiki na kai masa abinci, sai ya ce Injiniya ta iso, ya tambaye ni gajiya. Da zai zage ni da na fi jin daɗi.

Ki riƙa kiransa da rana, lokacin ne shirun ya fi yawa.

Taki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya muka ji da haƙuri? Na san Baba ya faɗa maki rasuwar Tela a waya, Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. Amma na tabbata bai faɗa maki yadda aka fito da shi ba.

Da hantsi ya faɗi a falo. Matarsa ta fito tana buga ƙofofi, duk hawan babu wanda ta sani, yawanci ma sun tafi aiki. A da, kafin ta rufe baki gidan ya cika. Sai da ta sauko har ƙasa ta samu mai gadi. Kafin a zo da likita ya cika.

Babu wuta ranar. Baba ya sauko hawa tara da ƙafa, ya hau bakwai. Ni ina ofis aka kira ni.

Da aka gama shirya shi wuta ta dawo, aka kawo makara, sai ta ƙi shiga lif. Aka juya ta kowace fuska, tsawonta ya fi ƙarfin wurin. Aka ce a bi matakala, nan ma a kwanar farko ta cije, ba gaba ba baya. Dole aka sauke shi, aka naɗe shi a bargo, mutum shida suka kama. A kowace kwana sai an ɗaga kansa sama an karkata. Baba ne a gaba yana ja da baya, riƙe da ƙarfen matakala, yana cewa a ɗaga nan, a sassauta can, kamar yadda yake yi in za a shigar da kabad ta ƙaramar ƙofa. Kwana goma sha huɗu, Yaya. Ina biye da su ina ƙirgawa, don ni na zana su.

Babu wanda ya yi mani magana a ƙasa. Tsofaffin maƙwabtanmu da suka goya ni suka amsa gaisuwata, suka kawar da kai.

Da yamma na raka Baba sama. Na haɗa masa ruwan zafi ya sa ƙafafunsa, duk sun kumbura. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai tambayar hanya:

"Auta, da kina zanen nan, ba ki sa a lissafi cewa za mu mutu ba?"

Na sa, Yaya. A zanen farko lif ɗin yana ɗaukar gadon majinyaci da mutum biyu a gefe. Ina da takardar har yanzu. Amma me zan ce masa? In ce na sani, na kuma rage da hannuna? Sai na ƙara masa ruwan zafi.

Ki sa mu a addu'a.

Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigida da yara. Wannan takarda a aljihun jakar Baba za ta zo maki, na ce masa lissafin magungunansa ne. Suna ciki kuwa, a shafin baya. Kada ki karanta a gabansa.

Shi da kansa ya ce yana so ya koma wurinki, ban ba shi shawara ba. Tun rasuwar Tela sau biyu kawai ya sauko. Ya rame, abinci sai na tsaya a kansa. Na gode wa maigidanki da ya amince ba tare da dogon zance ba. Ki ba shi ɗakin da ke kallon titi, ko da ya fi ƙanƙanta. In ya fito da zarto yana ɓata maku tsakar gida, ku ƙyale shi. Akwati ɗaya kawai ya ɗauka na kayan aiki, sauran ya ce in raba wa masu buƙata.

Ni zan koma ɗakin nasa. Na sallami wanda nake haya kusa da ofis. Abokan aikina na ganin wauta ce, ga nisa ga hawa tara. Ban iya yi masu bayani ba. Ni dai na ga bai dace a ce kowa na kwana a cikin abin da na zana ba, ban da ni.

An ba mu wata unguwar kuma, bayan tashar jirgin ƙasa, ta fi tamu cunkoso. Zanen ya dawo daga kamfani jiya da jan biro a kan matakala. Na ce ba zan sa hannu ba. Shugabanmu ya ce in je in yi tunani zuwa ƙarshen wata, akwai masu sa hannu da yawa. Gaskiya ya faɗa. Ko na tafi ginin zai tashi, mutanen kuma suna buƙatarsa. Ban san abin da zan yi ba.

Jiya da la'asar Baba ya ce in sauko da shi. Muka zaga harabar a hankali yana dafe da kafaɗata. Can ya tsaya ya tambaye ni daidai ina ƙofar gidanmu take a da, inda aka haife mu, inda aka fito da Inna.

Na sani sarai, taswirar tana kaina. Wurin yana bayan bene na biyu, inda aka jera manyan durom na shara. Amma ban kai shi can ba. Sai na ja shi gaba kaɗan, wurin wata 'yar bishiya da aka dasa a bakin katanga, na ce nan ne.

Ya waiga ya nemi tsohon turken wutar lantarkin nan na bakin titi, shi kaɗai ya rage daga unguwar. Na ga leɓensa na motsi, yana auna tazarar da ido. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana awo, Yaya. Idonsa ya tafi ya sauka a kan durom ɗin sharar, ya daɗe a wurin. Sannan ya juyo ya dafa bishiyar, ya ce:

"To, madalla. Wuri ya yi kyau, Injiniya."

Muka tsaya nan har aka kira magariba.

In ya ba ki labarin bishiyar, ki nuna kin yarda. Motarsu za ta tashi da ƙarfe bakwai, ki sa a jira shi a tasha da wanda zai ɗaukar masa akwatin, yana da nauyi, kuma ba zai yarda ya ce ya gaji ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta