Na Ƙirƙiri Tsohuwa a Shafin Maktabarmu, Yanzu Ana Son a Je Gaishe Ta

Assalamu alaikum Admin, da ku masu bibiyar wannan shafi. Allah ya saka muku da alheri kan yadda kuke sauraron masu damuwa. Don Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Ba wanke kaina na zo yi ba, mafita nake nema.

Har yau idan ƙamshin gahawar Larabawa ya gauraya da na tsofaffin takardu sai gabana ya faɗi, domin shi ne ƙamshin ofishin Ustaza Amal ranar da abin ya fara. Ita ce shugabar maktaba, wato ɗakin karatu na ɓangaren mata, a wata makaranta da ke Malaz, nan Riyad. A garin nan na girma, mahaifina yana da ɗan shago a kasuwar Dira, kuma da na kammala karatu aka ɗauke ni ina taimakawa a maktabar. Ina son aikin. Ina son shirun wurin, ina son ranar da mota ke kawo kwalayen littattafan da muka nema daga ɓangaren maza, in zauna in buɗe su kamar tsaraba.

A lokacin Ustaza ta dawo daga wani horo cike da zumuɗi. Ta sa aka buɗe wa ɗaliban kowane harshe shafi a intanet, inda kowa za ta rubuta abin da ta fahimta daga littafi, wata ta gyara, wata ta ƙara, a yi tambaya a ba da amsa. Na Hausa aka damƙa mini. Kafin a jima shafin 'yan Indunusiya ya cika ya batse, na masu Urdu ma haka. Namu kuwa tsit, kamar gidan da aka yi ƙaura. Ina ganin 'yan Najeriya da 'yan Nijar suna shiga suna karanta abin da na sa, amma ba mai cewa uffan. Ranar nan Ustaza ta kira ni, ta zuba mini gahawa, ta juyo kwamfuta ta fuskance ni. "Ya binti, mutanenki ba sa karatu ne, ko ba sa magana?" Na ce duk suna yi. Ta ce, "To ina suke? Idan zangon nan ya ƙare a haka, zan rufe shi in haɗa ku da na Larabci."

Na san abin da ya ɗaure musu baki, kunya ce. Ba wadda take so ta zama ta farko da za ta yi magana da sunanta a gaban jama'a, a ce ta cika rawar kai, ko ta yi kuskure ya zauna a rubuce. Mu ko a gida aka taru, sai babba ta buɗe zance kafin yara su sa baki. Shafinmu kuwa ba shi da babba. Sai zuciyata ta raya mini: me zai hana ki samo masa?

Na buɗe wani akawun da sunan Goggo Rakiya. Na ce tsohuwa ce 'yar Katsina da ke zaune wajen ɗanta can kusa da Birnin Masana'antu na Biyu, ciwon ƙafa ya hana ta fita, jikarta ke rubuta mata abin da ta faɗa. Da ma shafin a buɗe yake ga iyalan Hausawan gari, don haka ba wadda ta yi mamaki. Muryarta ban je nesa na nemo ba, ta kakata ce, Allah ya jiƙanta. Abin da ta fara rubutawa shi ne: "Ku 'yan makarantar zamani, an ce kun sha littafi kun ƙoshi. Ga tsohuwa ta zo roƙo, wa za ta fassara mini babin tsarki da Hausar da kunnena zai ɗauka? Ko bakin naku na cin shinkafar kabsa ne kawai?" Washegari ina jera littattafai ina jin dariya ƙasa-ƙasa a tsakanin kantocin littattafai. Wata ta amsa, "Goggo, kabsa dole ce, garin tuwo ya yi mana nisa." Wata ta sa fassarar shafi guda, wata ta gyara mata kalma, aka kaure da musu kan yadda 'yan Maraɗi ke faɗi da yadda Kanawa ke faɗi, Goggo na tsakiya tana raba gardama. Shafin ya rayu, Ustaza ta daina maganar rufewa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ni da ba na iya ɗaga murya a cikin taro, sai ga ni da bakin Goggo ina zolaya, ina faɗa, ana cewa to. Na yi wa kaina alkawarin da zarar shafin ya tsaya da ƙafarsa zan janye ta a hankali. Wa na cuta? Haka nake tambayar kaina, kuma a lokacin ban ga kowa ba.

Sai Zalika ta fara turo mata saƙon sirri. Ɗaliba ce daga Damagaram, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, kullum tana zama a teburin da ke kusa da nawa. Ta rubuta wa Goggo cewa nahawu ya gagare ta, 'yan ajinsu na dariyar lafazinta, har ta haɗa jaka za ta koma gida. Ya kamata in tsaya a nan, ko ba haka ba? Amma na ji tsoron idan aka yi mata shiru za ta tafi da gaske. Na amsa da bakin Goggo: "'Yar nan, guga ne ya tsinke, ba rijiya ce ta ƙafe ba. Kwance jakar nan." Da safe ta zo ta dafa teburina tana murmushi. "Ke 'yar Riyad, kin san Goggo Rakiya ido da ido?" Na ce a shafi kawai na san ta. Ta ce, "Wallahi matar nan uwa ce." Daga nan ta buɗe mata cikinta gaba ɗaya, da zaman gidansu, da abin da ta haɗiye tun yarinta, da wanda ke neman aurenta. Har ni ta ambata. Ta ce mai tsaron maktabar nan tana da kirki, amma 'yar gata ce, ba za ta gane ba, shi ya sa ba ta gaya mata komai. Na karanta wannan da idon da ba ta yarda ya gani ba, kuma na ba ta amsa. Wace irin ƙawa ce ke yin haka?

Na yi ƙoƙarin fita. Na rubuta da sunan jikar cewa Goggo ba ta da lafiya, za a daina jin ta. Kafin la'asar Zalika ta buɗe takardar haɗin gwiwa a shafin, irin wadda muke fassara a cikinta, ta ce za a yi wa Goggo saukar Alƙur'ani, kowa ta sa sunanta gaban izun da za ta ɗauka. Ta leƙo wajena ta ce, "Ke ma na rubuta ki, kar ki ce mini aiki ya yi yawa." Na karanta nawa. Na zauna na karanta littafin Allah don neman lafiyar wadda ba ta taɓa numfashi ba, hawaye na zuba, suna cewa ashe ni ma ina ƙaunarta haka. Ta yaya zan ce ta rasu bayan wannan, a nemi gidan gaisuwa? Dole na warkar da ita.

Da Zalika ta kammala ta so zuwa sallama, na ce ɗan Goggo ya kai ta Madina ziyara. Ta koma gida, ta yi aure, ta haifi mace suna kiranta Ummi. Na rage amsa saƙonni, ina fatan nisa zai binne abin da na kasa binnewa.

To yanzu mijinta ya samu gurbin karatu a nan, iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta fito, sun tare a Malaz. Ta zo gidanmu da yarinyar, har ta fara gudu. Muna cikin shan shayi ta ce, "Juma'ar nan ki shirya, Malam ya samu mai mota, ke da kika san gari za ki raka ni neman Goggo. Wannan karon ko a bayan dutse take sai na gan ta." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na auna in ce ta koma Katsina, na san za ta nemi unguwa ta aika 'yan'uwa. Na auna in roƙi wata tsohuwa ta zauna a matsayinta, tsoron Allah ya hana ni. In faɗi gaskiya kuwa, zan raba ta da uwa da ƙawa a zama ɗaya, ta kuma san duk sirrinta yana hannuna.

Amma abin da ya sa na rubuto muku shi ne abin da ya biyo baya. Tun da aka haifi yarinyar na ɗauka sunan marigayiya mahaifiyar Zalika ta ci, shi ya sa ake sakaya shi da Ummi, ban taɓa tambaya ba. Ina riƙe da ita a cinyata na ce Allah ya sa ta gaji mai sunan. Zalika ta ce, "Amin. Ai shi ya sa nake so in kai ta, ta sa mata albarka da hannunta. Sunan Inna 'yar yayata ta riga ta ɗauke. Wannan Rakiya ce, takwarar Goggo. Ban gaya mata ba, so nake in ga fuskarta ranar."

Jama'a, don Allah, me zan yi?