Littafi Mai Jan Bango

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi, damuwata kan Auta ce.

Yau kwana goma sha tara ke nan rabon da ta yi mini hira. Na san adadin ne domin tun ranar taron iyaye da malamai, da aka ce mu riƙa lura da halin da 'ya'yanmu ke ciki, na sayi littafi mai jan bango ina rubuta komai: ƙarfe nawa ta dawo, me ta ce, sau nawa ta yi dariya. Da can tun daga bakin ƙofa take fara zuba, wa ya yi faɗa da wa, wa aka sa durƙuso. Yanzu daga "lafiya lau" sai ɗaki.

Mutum uku nake zargi. Sabuwar malamarsu, da ƙawarta mai tabarau da ta daina biyo mata, sai mai ɗinkin ƙasan benenmu. Sau huɗu ina leƙawa ta taga ina ganin Auta zaune kusa da keken ɗinkin matar, baki ba ya hutawa. Me take faɗa wa bare da ba za ta faɗa wa uwarta ba? Wataƙila ni ce na cika zato, ban sani ba.

Ki gaida mutan gidan.
Ƙanwarki.

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai in na hango bene.

Ashe har yau kina nan da halinki? Ke ce fa muna yara kika rubuta sau nawa akuyar Baba ta yi atishawa. Ki ƙyale mai ɗinki, baiwar Allah. Malama ma ki ƙyale ta. Tambaya ɗaya gare ni: ina kike ajiye littafin nan?

Allah ya raya mana Auta.
Yayarki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Cikin durowar madubi nake ajiye shi, ƙarƙashin ɗankwalaye.

Tambayarki ba ta kwanta mini ba, sai na ɗauko shi na ƙirga shafukan. Takarda ɗaya babu, an yage ta a tsanake. Sannan direban da ke kai miki saƙo ya ce wancan makon wasiƙa biyu ya ɗauka daga gidanmu. Ni kuwa ɗaya na rubuta.

Na sauka wurin mai ɗinki da sunan gyaran zani, na ɗan bugi cikinta. Wai hirar rigar 'yar tsana suke yi. Ban yarda ba. Ke ma yanzu ban san layin da zan sa ki ba. Don Allah me kika sani?

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki.

Ƙanwata,

Sannu da bincike. Na so ki gano da kanki, amma na ga sai kin ƙare da zargin direba. Ga takardarki nan na haɗo miki. A gaba rubutunki ne: "Litinin, ta yi dariya sau biyu, ta biyun ba ta kai zuci ba." Juya bayan ki ga wanda Auta ta rubuto mini:

"Inna, Umma tana rubuta duk abin da na faɗa. Ta ce dariyata ba ta gaskiya ba ce. Na gwada a madubi, ban gane wacce ce ta gaskiyar ba. In na yi shiru ba za ta sami laifin rubutawa ba. Wa za ta kai wa littafin?"

Shekararta tara fa, ƙanwata. Mai ɗinki ba asiri ta yi mata ba. Hannunta na kan keke, kunnenta na wurin yarinya, kuma ba ta riƙe da biro. Lura aka ce ki yi, ba shari'a ba. Kada ki yi mata faɗan buɗe durowa, in kin yi ni da ke ne.

Allah ya sanyaya miki.
Yayarki.

Yaya,

Salamu alaikum. Jiya da ta dawo makaranta na ba ta haƙuri, na miƙa mata littafin da biron, na ce nata ne. Ta karɓa. Sai ta buɗe sabon shafi ta rubuta: "Laraba, Umma ta yi kuka sau ɗaya. Na gaskiya ne."

Daga nan ta fara ba ni labarin faɗansu da mai tabarau. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, ban duba agogo ba.

Na gode.
Ƙanwarki.