Sai Kaza Ta Taka

Juma'a, 1 ga Agusta, 1975

Yaya Iliyasu ya sayi sabon keke da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata. Baƙi, ƙararrawarsa har zaure ake ji. Ko ledar sirdin bai cire ba. Wai kada wanda ya taɓa.

Bai san na iya ba. A makaranta na koya, a filin bayan ɗakin girki, da keken mai gadi. Kowa a gidan nan kallon kurma yake mini don ba na magana gaban baƙi. Su ci gaba. A littattafan da nake karantawa, ai mai shirun ce kullum take ba mutane mamaki.

Gobe yana da taron malamai, a mota za su tafi. Akwai dutsen nan na bayan gari mai shimfiɗa kamar tabarma. Tun ina ƙarama nake ganin kaina ina gangarowa daga kansa, mayafi yana tashi.

Talata, 5 ga Agusta

Ina Gwaram, ɗakin kakata Dada. Ƙwaurin hagu ya karye.

Ba laifina ba ne, in rubuta wannan tun yanzu. An yi ruwa da safe, dutsen da santsi. Na tura keken har sama, na hau, kuma farkon gangarowar wallahi ban taɓa jin daɗi irinsa ba. Sai gudu ya yi yawa. Na sa ƙafa a ƙasa yadda nake tsayawa a makaranta, silifa ta fice. Na damƙe abin da hannuna ya samu, keken ya kafe, ni na wuce. Masu kiwo ne suka ɗauko ni.

A littafi wani ne mai farar riga yake zuwa ya ɗaga ki. Ni wani tsoho ne mai warin nono, yana ta tambaya 'yar gidan wa ce wannan mara hankali.

Yaya ya ce asibiti. Dada ta aiko cewa jikarta ba za a sa mata siminti a ƙafa ba, ga Malam Sada mai ɗori a bayan gidanta. Dada ta ci.

Asabar, 9 ga Agusta

Abin da ban rubuta ba ranar: da Malam Sada ya gama ja mini ƙafa (ban yi kuka ba sosai), ya jera kara ya ɗaure, sai ya sa aka kamo kaza. Ja ce, budurwa. A gabana ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗora ta da tsinke kamar tawa. Ya ce, "Ranar da ta taka, ki taka. Kafin nan ko tsakar gida gobara take, ki jira a ɗauke ki."

An ajiye ta a kwando gefen gadona. Ni, 'yar aji uku a kwalejin horon malamai, kaza ce za ta ba ni izinin tafiya.

Ƙarshen Satumba ake komawa. Baba ya ce in motar makaranta ta zo ban tsaya da ƙafata ba, shi ke nan, ba zai je roƙon kowa ba. Zan tsaya. Ba kuma da hannun kowa ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Yaya ya zo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Zahara'u, wane birki kika kama?" Na ce na kama birki. Ya ce, "Na gaba ko na baya?"

Na juya fuska bango. Wa ya san biyu ne daban-daban. Mai gadi bai taɓa faɗa ba, kekensa ma ba shi da ko ɗaya.

Taya ta lanƙwashe, ƙararrawa ta ɓata a dutse. Ban ba shi haƙuri ba. Keke mai kyau ba ya jefar da mutum.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na gwada dabara. Da Dada ta fita tatsa, na fito da kazar, na watsa gero can nesa da ita. Ta dubi geron, ta dube ni da ido ɗaya, ta kwanta abinta. Na zungure ta da maficin Dada. Ko motsi. Raguwa kawai.

Dada ta dawo ta ga gero a ƙasa. "Amaryar dutse, yau kuma shuka ake a ɗakina?" Na ce ɓera ne. Ta ce ɓeran ya yi karatu.

Litinin, 18 ga Agusta

Ba na jin zafi ko kaɗan. Ni na san jikina, ba kaza ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na tashi ranar Talata. Da taɓarya na dogara. Taku na farko lafiya, har na ɗaga kai yadda suke yi a littafi. Na biyu na ji abu ya goce a ciki.

Malam Sada ya kwance, ya shafa. Sai an sake ja. Wannan karon na yi kuka, har maƙwabta suka leƙo. Da ya gama ya ce a miƙo kazar, tunda tare muke tafiya, ita ma sai a sake karya ta a mayar da ita farko.

Ban san lokacin da na rungume kwandon ba. Ni da ba na iya gaida shi sai da kai a ƙasa, na ce masa, "Baba, ita ba ta tashi ba. Ni na tashi." Ya daɗe yana kallona. Ya ce to ya bar ta, amma yanzu ba mu tare, ita za ta riga ni, kuma sai na zauna ina kallonta tana yawo har ya ce na isa. "Za ki iya?" Na ce zan iya. Dada ta ce, "Haka ta ce wa dutse."

Juma'a, 5 ga Satumba

Ta taka. Ta fito daga kwando, ta ɗaga ƙafar, ta ajiye a hankali, ta sake ɗagawa. Ta daɗe tana gwada ƙasa kafin ta yarda da ita. Yanzu tana can gindin turmi tana tsince.

Ni ina nan. Ƙafa tana ƙaiƙayi, kuma na rantse zan iya. Ban tashi ba. Ba don tsoron Malam Sada ba, littafina ne ban gama ba.

Talata, 16 ga Satumba

Azumi a kwance ya fi tsawo. Na sake karanta littafin nan karo na uku. Yarinyar ta faɗo daga doki a shafi ɗaya, a na gaba tana rawa. Wanda ya rubuta bai taɓa karyewa ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Malam Sada ya kwance kara da hantsi. Ƙafar ta rame, ta yi fari kamar ba tawa ba. Ya ce bismilla.

Dada ta matso da kafaɗarta. Na kama, don kawai tana wurin ne. Na ajiye ƙafar, na ɗaga, na sake ajiyewa. Har bakin rijiya muka je muka dawo, kazar tana gabanmu kamar ita ta san hanya. Malam Sada ya ce in na bi a hankali, ranar Litinin zan hau mota da ƙafata. Kazar tasa ce a ƙa'ida, amma ya bar wa Dada, ya ce ba a yanka abokiyar jinya.

Yaya ya zo da yamma a keken, an miƙe tayar, ba ƙararrawa. Na ce masa in an ba mu kuɗin alawus zan sayo masa wata a Kano. Ya ce to.

Har yanzu ina cewa dutsen da santsi. Amma da zai tafi na tambaye shi wane hannu ne na birkin baya. Ya nuna mini, na sa ya sake nunawa.