Huɗu Ba Za Su Isa Ba

Assalamu alaikum, Auta.

Ka yi haƙuri na dame ka kana tsakiyar aiki. Ina fata kuna lafiya, kai da maiɗakinka.

Takardar ofishinku ta iso, wai in kawo banɗakin haya na tafi-da-gidanka guda huɗu ranar tantance 'yan fansho, biyu na maza, biyu na mata, don haka ƙa'ida ta ce. Auta, mutum dubu fa! Ƙa'idar nan kana rarrafe aka rubuta ta, lokacin da mata masu fansho ba su cika benci ɗaya ba. Yau sun fi mazan yawa. Sha biyu ake bukata, takwas na mata, da ruwa da butoci. Allah ne shaidata, ba ciniki nake nema ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Wa alaikumus salam, Yaya.

Muna lafiya. Na kai wa Darakta maganar, dariya ya yi. Ya ce bara ma na matan kusan wayam aka mayar da su, direbanki ne ya faɗa da bakinsa. Ya ce in huɗu sun yi miki kaɗan akwai masu jira, kuma ofis ba zai sake kiran ki ba. Don Allah ki kawo huɗun, kada ki ja min. Ko kujerar ban gama ɗumamawa ba.

Ƙanenki

Auta, bayan gaisuwa.

Direba bai yi ƙarya ba. Amma ka tambayi Inna, ai tana cikin layin. Ƙofofin na matan suna kallon layin maza aka ajiye su. Wace dattijuwa ce za ta ratsa gaban abokan mijinta da buta a hannu? Sai suka ƙi shan ruwa tun safe. Inna, da ciwon sukarinta, ta wuni ko ɗigo ba ta sa a baki ba. Kwanciyar asibitin da ka ɗauka zazzaɓi ne, ga mafarinta. Ta hana ni gaya maka, kuma ta ce bana ma haka za ta yi.

Sha biyu zan kawo, in juya ƙofofin mata su kalli katanga. Ku biya na huɗu. Sauran in sun tsone wa Darakta ido, ya zo da kansa ya ɗauke su a gaban iyayen nan. In ya daina kira na, ba shi ke raba arziki ba.

Sai dai masu gadi ba za su bar motocina su shiga ba sai da sa hannunka, ni kuwa ba na shiga wuri ta bayan gida.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka

Yaya,

Ga takardar, na sa hannu. Kwafi yana kan teburin Darakta, bai buɗe ba tukuna. Wace katangar kike so in sa a share? Ki amsa da wuri, kafin tsorona ya dawo.

Auta