Sa Ni Aka Yi

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mama. Yaya gwiwar? Allah ya sa shan maganin kake yi, ba ka bar shi a kan firij yana gadin gida ba.

Aikin Baffa ya kankama. Ka san layi biyu yake so in rubuta, a sassaƙa a ƙofar makarantar da ya gina da sunan Kaka. Ya ma taimaka ya gaya mini abin da zan gano tun ban fara nema ba: jarumi, ɗan sa-kai a rundunar Turawan mulki.

Ɗakin adana tarihin da na je bincike yana ƙasan bene, fankarsa ɗaya, ita ma ta yi ritaya. A nan na samu kaset na hirar da wani Bature mai bincike ya yi da tsofaffin sojoji. Baba, na ji muryar mahaifinka, har da gyaran muryar nan da yake yi kafin ya yi magana. Sai da na tsayar da kaset ɗin na fita waje tukuna.

Ta bakin tafinta aka tambaye shi ko shi ya sa kai. Ya yi dariya ya ce, "Sa kai? Sa ni aka yi." Tafintan ya juya ya shaida wa Baturen cewa tsoho ya ce da murna ya shiga. Kaka bai san an gyara masa baki ba, ya ci gaba. Mahaifinsa shugaban leburori ne a tashar jirgin ƙasa, aka ce kowane shugaba ya kawo mutum ɗaya ko ya bar aiki. Ya dubi 'ya'yansa ya zaɓi Kaka, wai don ya fi kowa ci. Bindiga kuwa sau ɗaya ya riƙe ta, ranar ɗaukar hoton nan na falon Baffa. Ya ce in dai kan da ke wuyansa ne, ya sa shi, amma a ƙarƙashin akwatin harsashi, har yaƙi ya ƙare.

Ashe sanƙon da kuka ce mana hular ƙarfe ce ta yi, dako ne.

Ka gaida Mama.

'Yarka,
Sarkin Gardama

Baba,

Ina gaisuwa. Na ga wasiƙarka, na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi.

Baffa ya riga ka, ya kira ni da jin abin da na gano. Ya ce jami'a ta cinye mini kunya, kuma in ban rubuta "ɗan sa-kai" ba, kada ƙafata ta taka wurin buɗe makarantar. Na tambaye shi ko zai saurari kaset ɗin, ya ce ba shi da lokacin jin surutun tsufa. Wannan fa ubansa yake nufi, jarumin.

Kai kuma ka ce in yi haƙuri, kalma ce kawai. Tafintan ma haka ya ɗauka.

Ka tuna inda lambar yabon da aka ba Kaka a soja take lokacin da yake raye? Ƙarƙashin ƙafar teburin rediyo, don kada ya yi rawa. Ni na ciro ta ina yarinya, ya ce in mayar, a nan take da amfani. Sai bayan rasuwarsa Baffa ya goge ta ya sa a gilashi.

Ba na jin kunyar ɗan dako. Mutumin da ya ɗauki kayan yaƙin wasu don ubansa ya ci gaba da ciyar da gida, ya dawo bai taɓa goranta wa kowa ba, ya fi ƙarfin a yi masa ado da ƙarya. Na aika wa Baffa layina: "Sa shi aka yi, ya ɗauka, ya dawo." In bai so ba, masu sassaƙa suna da yawa, ya faɗa musu da bakinsa. Kujerata kuma a ba wani baƙo.

An sa shi sau ɗaya yana da rai. Ba da alƙalamina za a sake sa shi ba.

Na kwafo maka kaset ɗin. Ka saurara kai kaɗai, akwai inda ya ambace ka.

'Yarka har kullum,
Sarkin Gardama